Gicciyen Ganyen Kaka Saraya

Gidanmu na Kafanchan, kusa da layin dogo, katangar langa-langa ce ta raba shi da gidan su Bulus abokina. Idan na idar da magariba na wanke allona, sai in bi ta ɓular katangar in faɗa tsakar gidansu, inda kakarsa, Kaka Saraya, take gasa gwaza tana ba mu tatsuniya. 'Yar Madakiya ce, Hausarta da ɗan karkata, kuma "mijina" take ce mini.

A saman ƙofar ɗakinta akwai wani gicciye na busasshen ganyen kwakwa, soke cikin jinka. Al'adarsu ce: Lahadi guda a shekara sukan dawo daga coci da ganye, su kitsa shi gicciye, su ajiye. Idan azuminsu ya zo sai kowa ya mayar da nasa, Fada, limamin cocinsu, ya ƙona su tare, ya shafa musu tokar a goshi domin su tuna ƙasa za su koma. Wannan kuwa mijinta ne ya kitsa shi da hannunsa, ya rasu a daminar da ta biyo.

Ban san haka ba a lokacin. Amma ba zan ce ban san kome ba. A gidanmu ma a jinka Baba yake soke takardun ajami, don kada ƙafa ta taka sunan Allah. Na san abin da ake ɗorawa sama ba shara ba ne.

Ran nan Kaka ta shiga wanka, ta ce mu hura wuta. Itacen ɗanye ne, ya ƙi kamawa, ni kuma na ƙagu a fara labari. Na taka turmi, na zaro gicciyen, na cusa shi ƙarƙashin itace. Bulus ya buɗe baki, kafin ya yi magana wuta ta lashe shi.

Kwana biyu suka rage a kai ganye coci. Kaka ta fito, ta ɗaga kai, ta shafa jinkar da hannu.

"Wa ya taɓa kayan marigayi?"

Shekara ɗaya ke nan da tashin hankalin da ya ratsa garinmu, har lokacin akwai gine-gine baƙi ƙirin. Ko mu yara mun san yadda zancen zai kasance idan ya fita titi: ɗan Malam ya ƙona gicciye.

"Ba mijina ba ne," in ji ta, tana dubana. "Yaran Malam sun san abu mai tsarki. Bulus, kai ne?"

Bulus ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar. Babansa ya zaro bel, na ji kowace bulala daga inda nake tsugune.

Duk da haka ta zauna, ta ce, "Ku matso, ga tatsuniya ta iso."

Wani manomi ne, in ji ta, yana da gona can cikin daji. Duk inda hanya ta rabu sai ya ƙulle kan ciyawa, domin 'ya'yansa masu kawo abinci su gane. Akuya ta biyo baya tana cinye ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Yara suka ɓace, sai da aka kwana uku ana nema. Da aka kama akuya gaban dattawa, ta ce ita ciyawa ta ci.

"Akuya bai yi ƙarya ba," in ji Kaka, tana juya gwaza. "Ciyawa ne. Amma wani ya sa hannu a kai."

Ta ɓare gwaza mafi girma ta miƙo mini. Na karɓa na ci.

Bayan 'yan shekaru suka koma Madakiya, can ta rasu. Sai da na yi gemu na haɗu da Bulus a kasuwar Kafanchan yana ɗaure buhunan citta. Muka gaisa, muka yi dariyar furfura. Sannan na ce ina so ya kai ni wurin danginsa in faɗi gaskiya.

"Wa za ka faɗa wa, Malam? Baba ya tafi, Kaka ta tafi." Ya ja igiya ya ƙulle. "Ranar da za ta mutu ta kira ni. Ta ce, Bulus, maganar ganyen nan, na yafe maka."

"Me ka ce?"

"Na ce na gode, Kaka."

A da ina jin tatsuniyar nan maganar ganye ce da ciyawa, wato a girmama abin da wani ya girmama. Haka ne. Amma yanzu, idan na zauna bayan salla ina istigfari, abin da nake gani shi ne akuyar ta fi ni, domin ita ta tsaya gaban dattawa ta ce ta ci. Gafarar da tsohuwar nan ta tanada tawa ce, ta ba wanda bai yi laifi ba, kuma babu sauran wanda zan je in karɓa a hannunsa.