Akwati da Irin Gyaɗar Talatu

Har gobe ban manta da ranar da wa'adin dangwala yatsa ya cika ba, ina zaune gaban akwatin nan ina kallon sunan Talatu. Tunda ku aka zaɓa ku riƙe sabon shirin da za a kawo, bari in ba ku labarin namu.

Ƙungiyarmu ta mata manoman gyaɗa ce, a ƙauyenmu da ke arewa da Bici. Wata bazara masu wani shirin gwaji suka zo daga birni, suka ce za su ba mu ingantaccen iri, amma na'ura ce za ta raba, ba hannun mutum ba. Ni aka ba kula da ita, don na yi yaƙi da jahilci, ina karatun boko da lamba, kuma an san ba ni da garaje.

Injiniya Bashir ne ya kafa ta a ɗakin ƙungiya. Yaro ne mai ladabi, Mama yake ce min. Ya ce sunanta nod, mu dai akwati muke cewa. Tana da 'yan'uwa, ɗaya a Dawanau, ɗaya a Rijiyar Zaki, wasu can nesa. Abin da aka rubuta a ɗaya, sauran duk sun kwafe, an sarƙe shi da na baya, ba mai iya gogewa. Tsarin shi ne bulokcen. A cikinsa ake saka yarjejeniya mai zartar da kanta: sharaɗi ya cika ta saki rabo, bai cika ba ta hana.

Aikina ba wuya, sai dai naci. In goge farantin sola da safe, in duba batir, in tabbatar koriyar fitila na ci. In lambar da ke kan allo ta yi baya da wadda ake turo min a waya, in kashe na'urar intanet in kunna, in zauna har ta kamo 'yan'uwanta. Ƙafafun teburin ma a gwangwanin ruwa na tsoma su saboda kiyashi. Maigidana har tsiya yake min, wai ko goyon autata ban yi wa wannan hidimar ba.

Kafin a rufe yarjejeniyar an tara mu, aka ce mu faɗi sharuɗɗan da muke so. Mu da bakinmu muka ce ban da wakili, kowace mace ta zo ta dangwala yatsanta a jikin akwati kafin wa'adi. Muna da dalili. An sha ba da taki da sunan mata, maza su karɓa, a gan shi a kasuwa. Ranar har guɗa aka yi. Bashir ya tambaya ko akwai abin da zai hana mace zuwa. Aka ce haihuwa, aka ce ciwo, aka tsawaita wa'adin saboda su. Ba wadda ta ce takaba. Wace mace ce za ta miƙe a taro, mijinta na gona da ransa, ta ce idan ya mutu fa?

Ana cikin dangwalawa Allah ya yi wa Malam Sule, mijin Talatu, rasuwa. Talatu maƙwabciyata ce, gonarta ce ke ci da gidan tun yana kwance. Ta shiga takaba da marayu a gabanta. Liman ya ce ya halatta ta fita da rana don lalura. Na je na faɗa mata. Tana zaune kan tabarma a ƙuryar ɗaki, dangin miji cike da tsakar gida. Ta ce, "Yaya Hajara, ko arba'in ba a yi ba, a ce an gan ni a layin gyaɗa? Da wane ido zan zauna a garin nan?"

Na kira Bashir. Na ce a bar ni in kai mata akwatin gida. Ya ce an ɗaure shi da wurin da yake, in ya motsa ba za a karɓi yatsan ba. Na ce shugabar ƙungiya da sakatariya za su shaida. Ya ce yarjejeniya ba ta san shaida ba. Na ce masa ko aure da wakili ake ɗaurawa. Ya ce zai kai wa manajan shiri. Amsar da ta dawo ita ce, ƙin canzawar nan shi ne ainihin abin da ake gwadawa.

Sai na tambaye shi, in na zare wayar wuta fa, har ta fita takaba?

Ya ce, "Mama, ko kin kashe na'urarki, ta Dawanau za ta zartar. Ki yi haƙuri, wallahi ko ni da na rubuta ta ban isa ba."

Ranar wa'adi na goge sola kamar kullum. Fitila kore, lamba daidai, ban taɓa ganin akwatin da lafiya kamar ranar ba. Bayan la'asar sunan Talatu ya koma ja, rabonta ya wuce wani ƙauye. Mu muka tsakura mata daga namu, amma an auna wa kowa daidai gonarta ne. Abin da ya taru bai rufe rabin gonar ba. Sauran gonar ta ba da aro, har yanzu ba ta dawo hannunta ba.

Bayan kaka Bashir ya dawo ɗauke da kwalin kwashe kayansu. Ya ce gwaji ya ƙare, an yaba da nod ɗinmu don bai taɓa mutuwa ba, har takardar yabo aka ba ni. Yanzu za a share komai a fara sabo. Na ce a share me? Ya ce duka sarƙar, ai ta gwaji ce. Ina tsaye ya danna 'yan maɓallai, allo ya yi fari. Ko shayin da na dafa masa bai huce ba.

Na ce, "Ashe tana goguwa."

Bai ɗago kai ba. Na taya shi naɗe wayoyi.

Ba na ce muku na'ura mugunta gare ta ba. Abin da muka gaya mata shi ta yi, babu maigidan da ya taɓa irin matarsa a shekarar. Amma duk ranar da aka tara ku aka ce ku faɗi sharuɗɗa, a samu mai ƙarfin hali ta ambaci abin da ake jin nauyin ambata, har mutuwa. Kuma ku tambaya tun farko, a hannun wa maɓallin sharewa yake. Su gwaji suka zo yi, in ya ɓaci su sake wani. Talatu damina ɗaya gare ta a shekarar nan, kuma ba wanda ya sake mata ita.