Madubin 'yata a durowar masallaci

Ban taɓa yin ƙorafi a kan kayan sawar 'yan sikut, wato sikawut, ba, ko da yake akwai dalili. Riga mai aljihu biyu, ƙyallen wuya, hula, takalmi mai igiya, duk na saya wa 'yata ban ce uffan ba. Malamin makaranta ne ni, kuma wanda ya shekara yana matsa wa iyaye su sayi littafi ba shi da bakin kuka idan abin ya zo kansa. Abin da ba a faɗa mana ba ranar rajista shi ne, kayan sawa somin-taɓi ne. Za su ɗauki yarinyarka su kai ta daji, su nuna mata abin da ba ta san tana so ba, su maido maka ita da ƙishinsa, su kuma su kama gabansu.

Tawa bayan garin Djougou suka kai ta, zaman daji na hutun makaranta. Shugabansu yana da madubin hangen nesa guda ɗaya, mai ido biyu, wanda a nan muke kira jumel. Yara suka yi layi, kowa ya leƙa. Nata rabon ya faɗa kan cilakowa a bisa reshe. Ta dawo gida Parakou ba ta da zance sai wannan.

"Baba, tana da gashin ido! Wallahi kamar na mutum."

Na je na bincika don in gyara mata kuskure, tunda sana'ata ke nan. Na tarar ita ce da gaskiya.

Daga nan sai maganar jumel. A kasuwa na tambayi kuɗinsa da Hausa, na sake tambaya da Faransanci ko zai ragu, bai ragu ba. Akwai mai araha na roba, wanda yake nuna maka tsuntsu biyu inda Allah ya ajiye ɗaya. Na gaske kuwa, albashina ya dube shi ya sunkuyar da kai. Ita da kanta ta ce a sayar da akuyarta, wadda kakarta ta ba ta tun tana ƙarama. Ni kuma na jingine babur ɗina da ke neman gyara, na riƙa taka ƙafa daga unguwarmu Albarika zuwa makaranta. Wani direban babbar mota, mutumin Nijar, ya samo mana na hannu a Cotonou. Ta ɗinka masa jaka. Kullum da safe kafin makaranta tana kan katanga, tana bin shirwa da zalɓe, har maƙwabciyarmu ta aiko a tambaya ko leƙen gidaje ake koyarwa a sikut.

Ana gab da azumi yayana ya zo. Alhaji ne, ɗan kasuwa a unguwar Zongo, shi ne babban gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Metir yake kirana, wato malam da Faransanci.

"Metir, an ce 'yarka na da tabarau mai jawo nesa kusa."

"Na kallon tsuntsaye ne, Yaya."

"Tsuntsaye! In ta kalle su miya za su shiga? Kawo shi, jibi za a duba wata. Idon dattawanmu ya yi rauni."

A gidanmu wa ba ya cewa ara mini, kawo yake cewa. Yarinya ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu.

"Baffa, don Allah ba a taɓa gilashin da yatsa."

Ya riga ya dangwala babban yatsansa a kai, yana neman inda ake kunnawa.

Ranar Juma'a, bayan an idar da salla a masallacin unguwar yayana, liman ya miƙe ya sanar cewa gidan wane sun ba masallaci na'urar duban wata saboda Allah, a yi musu fatiha. Aka shafa. Mutane suka yi ta ba ni hannu, ni kuwa ina tsaye kamar ɗalibin da aka yaba wa a kan aikin da bai yi ba. Duk wanda ya tashi a Zongo ya san dokar, ko da ba a rubuta ta a ko'ina ba: abin da ya shiga masallaci aka shafa masa fatiha ba ya fitowa. Buta ce, tabarma ce, agogon bango ne, fanka ce. Yayana bai ce aro ba da zai miƙa. Cewa ya yi, ga shi daga gidanmu.

Na same shi a shago yana auna wa wata mata yadi.

"Yaya, ba naka ba ne ka bayar. Akuyarta ce."

"To me kake so? In tsaya gaban jama'a in ce a maido mini ladana? Ka yi karatu, amma ba ka san mutunci ba."

"Ka ce kuskure aka yi."

"Gata na yi mata. Wannan lada har kabari zai bi ta."

"Yarinya ce, Yaya. Ba kabari take nema ba, cilakowa take nema."

Matar ta ƙyalƙyale da dariya, shi bai yi ba. Ya jawo turmin atamfa ya tura mini, ya ce a kai mata, mace da zane aka san ta.

Na je wurin liman, mutum mai daɗin baki. Ya saurare ni har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce, "Ayya, Malam, da kafin fatiha ka zo." Sai ka ce jirgin ƙasa ne na makara. Ya ƙara da cewa duk ranar duban wata ƙofa a buɗe take. Ni da shi mun san a saman masallaci ake dubawa, cikin maza, inda ba za a bar 'ya mace ta hau ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ko watan ba su gani da shi ba. Ranar gajimare ya rufe yamma. Dattawa suka shiga gardama, wasu na cewa watan da aka gani ta gilashi ba ya cikin lissafi. Suna cikin haka labari ya iso ta wayar wani cewa an gani a wani wuri, kowa ya tafi neman abin sahur. Madubin yana nan a durowa tare da igiyar lasifika. Ladan ya nuna mini shi bayan damina: danshi ya shiga, gilashin ya yi fari-fari daga ciki, jakar kuma an zuba mata makullai.

Da hutu ya zagayo 'yata ta sake zuwa Djougou, ta koma layi kamar kowa. A tasha shugabansu ya tare ni yana murmushi, ya ce ya kamata mu iyaye mu riƙa ƙarfafa wa yara gwiwa, jumel ai ba wani abu ba ne. Na dube shi yadda nake duban yaron da bai yi aikin gida ba amma ya ɗaga hannu. Sayen wani ya fi ƙarfina. Akuya ɗaya gare ta, an kuma riga an sayar.

Atamfar tana cikin akwati, ta ƙi a kai wa tela. Katangar ma ta daina hawa. Da shamuwa ta iso farkon damina ta gaba, na hango ta can sama na ƙwala wa 'yata kira. Ta fito, ta kare rana da hannu, ta duba.

"Na gani, Baba. Ɗigo ne baƙi."

Ta koma ɗaki.