Ganyen Tumatir a Cikin Hular Baba

Mun tashi da asuba daga Kura, ni da wani dattijo da duk yankinmu ke kira Baba. Shi ke rainon irin tumatir, mu saya mu dasa. Bara tsutsar nan mai cin cikin ganye ta share masa gadajen yayyafin iri tas, 'ya'yansa suka matsa ya sayar wa masu yankan filaye gonar. Ya ce su ba shi dama ɗaya: in ya samo rumfar leda da ragar da za ta tare ƙwarin kafin yayyafin bana, gona ta tsira.

Bayan doguwar tafiya a jirgin sama, Guangzhou ta tarbe mu da zafi mai danƙo, gumi kamar an watsa maka ruwan kanwa. A masauki wani Bamaraɗe ɗan kasuwa ya yarda ya yi mana tafinta. Ya kai mu cin taliya da naman sa, aka miƙo wa Baba tsinke biyu a madadin cokali. Ya jujjuya su, ya ajiye, ya wanke hannu ya yi bismilla.

Washegari muka nufi kudu, wajen wani yanki da ake kira Nansha. Titi sumul, gefensa rumfunan leda har iya ganinka. Wallahi raina ne ya ɓaci, don ƙasar nomansu ba ta fi tamu kyau ba.

Wata mata mai rainon iri ta shigar da mu tata rumfar. Baba ya cire hula, ya zaro busasshen ganyen tumatir da ya taho da shi daga gida, duk zanen tsutsa a jiki. Ko tafinta ba ta nema ba. Ta girgiza kai, ta kama hannun rigarsa ta kai shi jikin raga mai ƙananan idanu. Sai ta ce, Bamaraɗen yana fassara mana, hukuma ce ta taya ta kafa rumfar, malamin gona yana zagayowa, in guguwa ta yage leda akwai inshora. Ta tambayi me tamu gwamnatin ke yi mana.

Me za mu ce? Mu tallafi na shinkafa ne da masara. Mai rainon iri ko a manomi ba a lissafa shi.

A masana'antar da ke saƙa raga muka nuna irin wadda muke so. Laoban, wato maigidan wurin, ya ce, "Meiyou." Babu ke nan. Sai an saƙa, sai an jira kwantena ta cika, ga teku, ga zaman tasha a Legas. Bamaraɗen ya sassauta murya ya ce, "Baba, gaskiya sai bayan an gama dashe."

Baba ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri."  Ni kam na yi kuka a mota kan hanyar masauki, ba na ɓoyewa.

Abin da na koyo shi ne, ba wayo suka fi mu ba, su akwai wanda ke tsaye a bayansu. Da muka sauka a Kano, babban ɗansa ya zo tarbarsa, a bayan mota kuwa ga mai sayen filin yana murmushi. Baba ya cire hula, ya miƙo min ganyen.

Ya ce, "Riƙe, ɗana. Ni ba ni da inda zan kai shi kuma."