Taliyar Tailan da Hancin Bazazzagi

A shekarun korona ina tuƙa motar kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar Larabawa, wani dattijo mai gona a Umm Salal. Kwana kuma a Mesaimeer nake yi, ɗaki ɗaya da wani Bazazzagi sa'ana, mai gadi a ɗaya daga cikin gine-ginen da ake ta yi saboda gasar cin kofin duniya. Ni Bakano ne, don haka tun ranar da aka haɗa mu ba mu taɓa yin yini guda ba tare da tsokanar juna ba.

Cutar ta kama shi, Allah ya tashi kafaɗarsa, amma ta tafi da hancinsa da harshensa. Ba ya jin ƙanshi, ba ya jin ɗanɗano. Mutumin da ke share kwanon tuwo ya leƙa nawa, sai ya koma cokali biyu ya ture. Wandon aikinsa ya fara zamewa. Tsokanar ma ya daina, wannan ne ya fi tsorata ni. Wata rana bayan La'asar ya ce, "Alhaji, gida zan koma. Mutumin da ba ya iya ci ba zai iya tsayuwa a get ba." Na san 'ya'yansa da wannan aikin suke karatu.

A gonar akwai kuku, Musulmi ne daga kudancin Tailan. Da guntun Larabcina da guntun nasa na ba shi labari. Ya ja ni kicin ya nuna mini wani girki nasu: taliyar shinkafa mai faɗi, naman sa yankakke falan-falan, tafarnuwa da barkono dakakku, ruwan kifi na kwalba, baƙin ruwan waken suya, da ɗan sukari. Taliyar jiƙa ta kawai ya yi. Wuta kuwa kamar maƙera. Kafin in gyara takunkumina ya sauke. Ya tsinko ganye a bayan kicin ya watsa a kai, na sunsuna, ashe ɗaɗɗoya ce, irin wadda ke fitowa a bayan gidajenmu da damina.

"Wuta sosai, ruwa babu, murfi babu," in ji shi. "Khalas, shi ke nan."

Na ce na ji, ya haɗa mini kayan girkin. Amma da na zo ɗakinmu zuciyata ta ƙi yarda. Mu da muka tashi muna ganin nama na yini a tukunya, wa zai ce mini ya nuna cikin ƙiftawar ido? Na tafasa naman. Na tafasa taliyar. Na haɗa su na ƙara ruwa, na rufe, har na je na yi alwala. Da na dawo na buɗe, komai ya narke ya haɗe. Na sa cokali, ya tsaya ƙyam.

Bazazzagin ya tashi zaune ya leƙo.

"Wannan fa?"

"Abincin Tailan."

"Kai Bakano! An aike ka Tailan ka dawo da tuwon shinkafa? Ina miyar?"

Ya yi dariya har da tari. Bai ci ba, amma rabon da in ji dariyarsa an daɗe, sai na ƙudurta zan sake.

Ranar Juma'a kukun ya sake haɗa mini kayan, ya ara mini kaskonsa mai zurfi, ya kama hannuna ya ce in rantse ba zan rufe ba. Ganyen ya naɗe mini a leda, na sa a aljihu. Na gaya wa Bazazzagin sharaɗin, ya ce ai gadi aikinsa ne. Ya ɗauke murfin ya danne a hammata, ya janye buta, ya tsaya a kaina.

Mai ya yi zafi, na zuba tafarnuwa da barkono. Hayaƙi ya turnuƙe kicin, maƙwabtanmu suka fara atishawa ta bango. Nama ya shiga, ya yi cau. Hannuna ya nufi famfo.

"Taɓa ka gani," in ji shi. "Yalla, juya!"

Na zuba taliyar da ruwan kwalaben, ina juyawa ina salati. Hayaƙin ya fi ƙarfin idonsa, ya fita tsakar gida da murfin yana hawaye yana zagin Kanawa. Na kashe gas, na ciro ledar na watsa ganyen.

Can sai zagin ya tsaya.

"Alhaji?"

"Na'am."

"Ɗaɗɗoya ka sa?"

Bai gan ta ba, ban kuma faɗa masa ba. Na fito da cokali a hannu, na same shi tsaye yana jan iska da hanci kamar akuyar da ta ji dusa.

"Kaɗan-kaɗan nake ji," ya ce. "Amma ita ce. Wallahi ita ce."

Muka zauna a tabarma da kaskon a tsakiya. Ya ce gishiri bai ji ba, naman da ɗan tauri, Bakano dai ba zai taɓa iya girki ba. Yana faɗa yana jawo kaskon gabansa. Da ya kai ƙasa ya kankare ƙanzon, ya tashi ya jona dutsen guga, ya ce in matsa masa, da sassafe yake da aiki.