Harsashin da Na Ɗura Ina Amsa Gaisuwa

Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma har yau idan wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka daina damun kanka, ƙaddara ce," sai in ji haushi. Na san hannun da ya ɗura harsashin nan. Nawa ne.

A shekarun nan tasi nake ja a New York. Akwai wani fasinjana, Bature, tsohon soja, da nake yawan kaiwa wani ɗakin harbi a cikin gari. Wata rana ya ce in ajiye mota in shigo in yi kallo. Na ga mutane a jere, kowa ya toshe kunnuwa, kowa da ƙaramar bindigarsa, ana gasar wanda zai fi saita tsakiyar takarda kafin ƙararrawa ta buga. Babu hayaniya, babu ture-ture. Ni da nake wuni cikin hon da zagin direbobi, sai na ji abin ya shiga raina.

Na nemi lasisi. Na sha jira, na sha tambayoyi, aka ɗauki zanen yatsuna, aka tono rayuwata tun daga ranar da na sauka ƙasar. Da na samu, mutanenmu suka sa ni gaba a ƙofar masallacin unguwar Tremont. "Me Bahaushe zai yi da bindiga a Amurka? So kake ka jawo mana magana?" Mutum ɗaya ne bai yi mini dariya ba: wani mai aski, mutumin Maraɗi, wanda na girme shi sosai, yana ce mini Yaya. Shi ma ya bi layin nan har ya samu nasa lasisin, muka shiga kulob ɗin harbi ɗaya. Ba a daɗe ba ya wuce ni. Hannun da ya saba bin gefen kunne da aska ba ya rawa. Idan muka ciro takardunmu, nawa ramukan a warwatse, nasa a dunƙule wuri guda. Sai ya ɗaga tasa ya ce, "Yaya, taka ko ƙyanda ta yi?"

Daga baya na koyi ɗura harsashi da kaina, a garejin gidan da nake haya kusa da Parkchester, bayan na cika duk abin da hukuma ta nema. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Ka tara kwanson harsasan da ka riga ka harba, ka wanke, ka jera su a tsaye a cikin wani katako mai ramuka, ka bi su layi-layi kana zuba wa kowanne albarushi daidai awo, sannan ka danna dalma a baki da na'ura mai hannu. Kafin ka rufe su, dole ka haska fitila ka leƙa cikin kowane kwanso, don idan ka zuba wa ɗaya sau biyu, ba harsashi ka yi ba, bam ka yi.

Tsohon sojan nan shi ya koya mini, kuma dokoki biyu ya kafa mini. Ta farko: idan kana zuba albarushi, ka rufe ƙofa, kada ka yi magana da kowa. Ta biyu: kada ka harba abin da wani ya ɗura, kada kuma ka ba wani naka. Na ce na ji. A raina kuwa na ce, Turawa da son kaɗaici.

Domin mu ba haka muka tashi ba. A wurinmu aiki da hira tare suke tafiya. Tela yana taka keke yana ba ka labari. Maƙeri yana dukan ƙarfe yana tambayar lafiyar gidanku. Baƙo ya zo ya ce, "Ci gaba da aikinka," kai kuma ka ci gaba, kuna taɗi. Wanda ya rufe ƙofa saboda yana aiki, ko ya ce da babba "jira ni," sai a ce ya zama Bature.

Ranar wata Asabar ce bayan la'asar, ana zafin nan na bazara da ke sa kwalta ta yi laushi. Washegari akwai gasa. Na ɗage ƙofar gareji don in sha iska, ka ga na riga na karya doka tun ba a je ko'ina ba. Ina tsakiyar layi, sai na ji sallama.

Alhaji ne. Dattijo mutumin zangon Kumasi, wanda ya sauke ni a falonsa lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba, ya nemo mini aikina na farko. Na ajiye abin da ke hannuna, na miƙe, na ba shi hannu biyu.

"Ina wuni, Alhaji?"

"Lafiya lau. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya mutanen gida, kuna waya? Yaya muka ji da zafin nan?"

Na amsa su ɗaya bayan ɗaya, na mayar masa da nawa. Na jawo masa kujera, na shiga ciki na kawo ruwan sanyi. Ya sha, ya dubi teburina ya ce, "Har yanzu kana nan da wasan wutar nan naka? To ci gaba, kada in tsayar da kai."

Na koma na zauna. Na dubi katakon. A ina na tsaya? Na ji a jikina cewa ban tabbata ba. Wannan shi ne abin da ba zan taɓa iya ɓoye wa kaina ba: na ji shakkar, ƙarara. Abin da ya kamata shi ne in juye duka in sake daga farko, ko in rufe komai sai baƙo ya tafi. Sai na zaɓi wani kwanso na ce daga nan ne, na ci gaba.

Ashe Alhaji rasuwa ya zo gaya mini. Ƙaninsa ne ya rasu a Kumasi, kuma ba zai samu zuwa ba. Yana magana a hankali, yana kallon ƙasa. Na yi masa ta'aziyya, hannuna bai daina aiki ba. Da na zo wurin haska fitila, sai na ga kaina: tsoho yana ba ni labarin yadda suka yi ƙuruciya da mamaci, ni kuma in sunkuyar da kai ina leƙen kwanso da tocila? Kunya ta hana ni. Amma kunyar nan ba ta hana ni danna dalma ba, don ita ana yi ana kallon fuskar mutum. Na rufe su duka, na zuba a akwati, na raka Alhaji har tashar jirgin ƙasa.

Da abin ya tsaya a nan, da ni kaɗai zan ɗanɗana, kuma da ya yi daidai. Amma washegari a ɗakin harbi, muna shiri, na ga mai aski ya fito da kwalin harsashinsa na kanti. Bindigoginmu harsashi iri ɗaya suke ci. Na tura masa akwatina.

"Ajiye wannan na kanti. Gwada nawa ka ji laushi, ba ya dukan hannu."

Ya yi 'yar dariya. "Yaya, ka san abin da tsohon nan ya ce."

"Wato ba ka yarda da hannuna ba ke nan."

"A'a, wallahi ba haka ba ne."

"To mene ne? Na ba ka abu ka ture? Ka ci ni a harbi, yanzu kuma ka fi ƙarfin kyautata?"

Na san abin da nake yi. Na san yaron da aka yi wa tarbiyya a Maraɗi ba zai iya mayar wa yayansa kyauta ba bayan an faɗa masa haka. Ba alheri ne ya sa ni ba. So nake idan ya ci gasar in ce da harsashina ya ci. Ya waiga ya ga tsohon soja ba ya kusa, ya ɗiba ya cika gidan harsashinsa.

Ina tsaye a bayansa lokacin da aka buga ƙararrawa. Harbin farko lafiya, na biyu lafiya. Can sai wata ƙara da ba irin ta bindiga ba, na ji ta a haƙorana duk da abin toshe kunne. Mariƙin bindigar ya tsage, gidan harsashi ya faɗo ƙasa. Mai kula da layi ya daka tsawa kowa ya tsaya. Mai aski kuwa bai yi ihu ba. Ya riƙe hannun damansa da na hagu yana kallonsa kamar na wani, jini yana bin gwiwar hannunsa. Babban yatsa da manuni ne suka dagargaje. Da su yake riƙe aska, da su yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa.

A asibiti mutanenmu suka cika baranda, kamar yadda muka saba. Kowa ya zo sai ya ce, "Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Ƙaddara ce." Na tashi tsaye na ce musu ba haka ba ne, ni na zuba albarushi sau biyu, ni na tilasta masa ya karɓa. Wani ya ja rigata. "Kai, rage murya, kada Turawan nan su ji." Wani ya ce, "Ai ba da gangan ka yi ba." Wani ma cewa ya yi laifin bindigar ne, kayan zamani ba su da ƙwari. Aka lulluɓe maganar aka shafa fatiha. Mutum yana ciki ana ɗinke masa jijiya, mu muna waje muna lallashin wanda ya jawo.

Haushin nan ne na juye a kan Alhaji, kuma wannan ma laifina ne. Ya matso yana ba ni haƙuri, na ce masa a gaban jama'a, "Da ka zauna a gidanka jiya da duk haka ba ta faru ba! Ku ba ku san a bar mutum ya yi aiki ba, sai gaisuwa, sai gaisuwa!" Tsohon da ke cikin makokin ƙaninsa ya dube ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ai da ka ce in jira, da na jira."

Gaskiya ya faɗa. Da ya jira. Ban taɓa gwadawa ba, na dai yanke masa hukunci a raina cewa zai ji haushi. Na je gidansa daga baya na durƙusa, ya ce ya yafe tun a wurin.

Mutum biyu ne kawai suka yi mini abin da ya dace da ni. Tsohon soja ya same ni a wurin ajiye motoci ya ce, "Na gaya maka abu biyu, ka karya duka biyun. Saura kaɗan ya rasa ido." Kulob ya ce kada in sake taka ƙofarsu, ban yi musu ba, na mayar da lasisina da kaina. Sai matar mai aski. Na kai musu cefane, na yi sallama, ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dubi ledojin, ta koma ciki ta bar ni a tsaye. Wallahi na fi jin daɗin wannan a kan duk addu'o'in baranda.

Mai aski kuwa ko sau ɗaya bai canza mini fuska ba. Ina kai shi wurin masu gashin hannu a motata, yana matsa wata ƙwallon roba yana cije leɓe, yana cewa, "Lahiya lau, Yaya, yana dawowa." Na ce masa ya zage ni. Na ce ya kai ni kotu, zan tsaya in amsa. Ya ce, "Ni na ɗiba da hannuna. Bar zancen nan." Na buga sitiyari har hon ya yi ƙara. Ya yi dariya ya ce in kula da hanya kada in ƙarasa ɗaya hannun.

Mai shagon da yake aski a ciki ya riƙe masa kujerarsa har sanyi ya shigo ya fita. Raunin ya warke, amma babban yatsan ya ƙi lanƙwasuwa, manunin kuma ba ya jin abin da ya taɓa. Ranar da ya ce zai gwada komawa, na riga kowa zuwa na zauna a kujerar. Na ce idan za a yanki wani, a fara da ni.

Ya ɗaura mini ƙyalle. Ya ɗauki kilifa da hannun hagu ya bi kaina a hankali, ba laifi, sai dai wani wurin ya fi wani tsawo. Sauran masu askin suna ta zolayarsa, "Maigida ya dawo! A ba shi hanya!" Sannan ya shafa mini kumfa a goshi da gefen kunne, ya ɗauko aska da hannun dama don ya fitar da layi. A nan ake gane mai aski, kuma saboda wannan ne samarin yankinmu na Bronx suke bin layi su jira shi.

Na ji sanyin ƙarfen a goshina. Ya ja kaɗan, askar ta zame ta faɗo a cinyata. Ya ɗauka, ya goge, ya gyara riƙo, ya sa ɗan yatsan tsakiya ya tallafe. Ya sake ja. Ta sake zamewa, wannan karon har ƙasa. Ina kallonsa ta madubi. Ya daɗe yana duban askar a ƙasa, bai sunkuya ba.

Sai ya juya wurin na kusa da shi ya ce, "Ɗan'uwa, zo ka ƙarasa wa Yaya."

Ya wanke hannunsa, ya kwashe kayansa daga aljihun tebur ya zuba a jaka. Ni ina zaune da kumfa a fuska, wani yana riƙe da kaina, ba halin in juya. A watan nan ya saki kujerar. Yanzu gadi yake yi a wani kantin kayan sawa a Harlem, yana wuni a tsaye a bakin ƙofa yana duba jakunkunan mutane.