Kwanonin Da Na Wanke A Mayo

Ranar jajibirin Kirsimeti ce, shekarar da muka dawo Mubi daga gudun hijira, ina aji biyar a firamare. Da hantsi Baba ya ɗaure wani jan bunsuru a gindin dogon yaron gidanmu da ke Sabon Layi, ya zauna yana wasa wuƙa a kan dutse, ya ce, "Masi, je ki kira mini Malam Bukar." Mama da ke tsince shinkafa ta ɗago ta kalle shi. Malam Bukar maƙwabcinmu ne, mutumin Borno mai sayar da atamfa, kuma tun kafin a haife ni shi ke yanka mana dabbar Kirsimeti. Mu Kiristoci ne daga duwatsun Michika, amma Baba ba ya yarda a yanka ko kaza a gidansa sai da hannun Musulmi, don kada wani maƙwabci ya ji ƙyamar abincinmu.

Malamin firamare ne Baba kafin siyasa ta ja shi, har ya yi kansila sau biyu. Kansila Zira ake ce masa, kuma irin siyasarsa ban ga mai yin ta ba yanzu: ba ya zagin kowa a taro, ba ya neman ƙuri'a a ƙofar coci, jana'izar kowa kuwa da shi ake yi. Mu yara ba ruwanmu da wannan. Ni dai na san da damina muna binsa gonarmu ta hanyar Kwaja mu cire ciyawa a gyaɗa, da rani kuma ni da Yagana 'yar Malam Bukar mu tafi mayo, wato rafin garinmu, mu tona yashi mu ɗebo ruwa, mu tsaya carafke har Mama ta turo a kira ni da bulala. Ranar Sallah a gidansu nake yini, in dawo kayana na ƙanshin turaren wuta, Mama tana tsokanata wai ga amaryar Barebari ta iso.

Sai masu bindiga suka shigo gari, kowa ya bi daji. Da muka dawo, gidajen suna nan, mutanen ne suka canja. Ƙanen Baba, Baba Vandi, ya binne matarsa a hanya. Malam Bukar kuwa babban ɗansa ya fita bai dawo ba har yau. Aka sa Baba cikin kwamitin sulhu, kullum yana kan babur, yau coci, gobe zauren mai unguwa, jibi har Sorau ya je raba manoma da makiyaya. Me ya samu? Namu suna cewa an saye shi, Musulmi kuma suna cewa leƙen asiri yake zuwa yi. Idan Mama ta yi ƙorafi sai ya ce, "In kowa ya koma gefe, wa zai tsaya a tsakiya?"

Malam Bukar ya zo ranar jajibirin nan, ya rame kamar ba shi ba, ya yi bisimilla ya yanka, ya wanke hannu ya tafi. Washegari bayan an taso coci dangi suka cika gida. Baba Vandi ya ture kwanonsa ya miƙe, idonsa jajur, ya ce, "Yaya, wuƙa a hannunsu, a cikin gidan nan? Ni ba zan ci ba." Rabin mutanen suka bi shi waje. Baba ya sa Mama ta zuba shinkafa da nama a kwanoni shida, aka jera mini a tire in kai wa maƙwabta kamar yadda aka saba. Gidan farko aka ce an gode, an ƙoshi. Na biyu ba a ma buɗe mini ƙofa ba, alhali ina jin motsinsu. A gidan su Yagana, mahaifiyarta Ya Falmata ta riƙe hannuna tana hawaye ta ce, "'Yata, ki yi haƙuri, idon mutane yana kanmu." Yagana na laɓe a bayan labule, ko fitowa ba ta yi ba.

Wallahi ban san abin da ya shiga kaina ba. Na dai tuna fuskar Baba lokacin da ƙanensa ya fita, na ji ba zan iya shiga gida da kwanonin nan cike ba. Na zarce mayo, na juye wa karnuka abincin, na goge kwanonin da yashi tas, na dawo na ce, "Baba, duk sun karɓa, suna gaisuwa." Ya daɗe yana kallon tiren, sannan ya shafa kaina ya ce, "Madalla. Garinmu ya fara warkewa ke nan."

Bayan sati biyu ya tsaya a taron unguwa ya ce maƙwabtansa Musulmi sun ci abincinsa na Kirsimeti, don haka kada kowa ya ce zumunci ya mutu a Sabon Layi. Ina wurin, na ga yadda mutane suka sunkuyar da kai, na ji wani yana cewa, "'Yan siyasa da ƙarya!" Da ya nemi takarar ciyaman, ko a akwatin layinmu bai ci ba. Kafin wata Kirsimetin su Malam Bukar sun kwashe sun koma Borno, ban yi sallama da Yagana ba. Baba ya koma gona, ya daina yawan magana, hawan jini ya kwantar da shi. Duk jinyar nan ina gefensa, kullum in ce yau zan faɗa masa, kullum in fasa, har ya rasu.

Sai bayan an watse daga zaman makoki na durƙusa gaban Mama na faɗa mata ni na jawo masa sunan maƙaryaci. Ta kalle ni ta girgiza kai ta ce, "Ke yarinya ce. A layin nan wa ya taɓa mayar da kwano wankakke babu ko dabino a ciki? Tun a tiren ya gane. Cewa ya yi in ya yabe su a gaban jama'a, wataƙila kunya ta sa baɗi su ci."

Yanzu an zauna lafiya, kasuwa ta cika, ana gaisawa a hanya. Amma ranar biki kowa a bayan ƙofarsa yake cin nasa, yaran yayata ma ba su san akwai lokacin da tire ke ƙetare layi ba. Ina kewar Baba, kewar da ba ta raguwa. Ashe ni da shi ƙarya ɗaya muka yi, tasa ce dai ya biya da duk abin da ya tara na mutunci.