Jif ɗin Baba da sabon kik

Ina murza makulli tsohuwar jif ɗin ta tashi, bugu ɗaya. Na ɗago kai ina jiran yabo, sai na hango Baba Ilu, aminin marigayi mahaifina, tsaye a bayanta ya riga ya naɗe hannun riga.

Mahaifina ya sayi motar nan zamanin da kuɗin man fetur ya fara ambaliya, yana kwasar auduga da ita daga Daudawa. Tun ina yaro ban taɓa ganin ta tashi ba sai da turi. Ni kuma da boko ya ɓata, duk Asabar ina ƙarƙashinta, har na samo mata sabon kik, na'urar tayar da inji, a Funtua.

Baba Ilu ya ce, "Kai Sani, wa ya aike ka?"

Na ce, "Baba, ai ciwonta na warkar."

"Ciwo? Ubanka bai san hanyar Funtua ba ne? Kullum da hantsi sai ya leƙo ya ce, 'Ilu, taho mu tashe ta.' Mu tura, mu gaisa, in tsokane shi, ya sauke ni kasuwa. Yanzu me za a kira ni in yi?"

Ya warware hannun rigarsa a hankali, ya juya gida.

Washegari na cire wayar kik ɗin, na yi sallama a zaurensa, na ce motar ta ƙi tashi. Ya fito yana faɗa, fuska cike da fara'a: "Ban gaya maka ba? Kayan zamani!"

Ni na tura ta daga ƙofar direba, shi ya dafa bayanta yana ba da umarni.

Ashe ba kowane ciwo ke son magani ba. Ku fa, me kuka taɓa gyarawa kuka dawo kuna kwancewa?